Bana Ba a Saki Raguna Ba

"Ka ɗauki yarinyar da shebur a hannu, amma kada tumakin nan su fito. Suna ɓata hoton."

Wata ma'aikaciyar kamfani ce ta faɗa wa mai ɗaukar hoto, ƙasa-ƙasa, ba ta san Renae na tsugune bayan mota tana jera dashe ba. Da aka kira Renae ta miƙe, ta riƙe shebur, ta yi murmushin da aka ce ta yi. Amma maganar ta tsaya mata a rai, ta ƙi wucewa.

Ranar ce aka fara dasa itatuwa a fadamar gonarsu. Kamfanin na haƙar ma'adinai ne. Ya share wani daji can arewa inda baƙaƙen aku suke ƙwai, doka kuma ta ce sai ya raya wani a madadinsa. Shi ne ya zo wurin mahaifinta, Graeme, aka shirya zai riƙa biyansa, shi kuma ya kewaye fadamar da waya, kada kofato ya ƙara taka ta. Ba a zamaninsa ba, ba a na jikokinsa ba.

Ita Renae ba ta ƙin itatuwan. Gishiri ya daɗe yana tasowa yana cin ƙasar wurin, kowa ya san itace ne maganinsa. Sai dai a fadamar nan tumakinta suke haihuwa, nan ne kaɗai ake da ruwa da mafakar iska. Da ta gama sakandare ƙawayenta duk sun tafi birnin Perth, ita ta zauna, ta karɓi garken da mahaifiyarta ta bari. Da aka mayar da su kan tudu, sanyi ya kashe 'yan ƙanana da yawa, dila ya kwashe wasu. Ita ta riƙa tsince gawarwakin da safe. Mahaifinta dai cewa ya yi, "Baɗi za mu san yadda za mu yi."

Ranar Kirsimeti, wadda a ƙasarsu tsakiyar bazara ce, ana tsananin zafi, Kawu Nev ƙanin mahaifiyarta ya zo cin abinci da matarsa Glenys. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Ina mai gidan hayar aku? Graeme, 'yan hayar taka sun tare kuwa?"

"Tukuna."

"Ai sai su jira! Aku ba ya ƙwai sai a kogon tsohuwar bishiya. Tsinkayen nan naka kuwa, sai jikan jikanka ya yi furfura kafin su yi kogo. Kafin nan a aljihunka za su kwana?"

"Ci namanka, Nev."

"Su can sun tona raminsu, kai nan kana wanke musu hannu."

"Ko kai aka kawo wa, da ka karɓa," in ji Graeme.

"Da gudu ma! Abin haushin ke nan." Ya kurɓi giyarsa, ya juyo wajen Renae. "Ke kuma, sarauniyar shiru, kin saki ragunan cikin matan? Ni nawa tun farkon wata suke aiki, sun ma fi ni ƙoƙari."

"Kai dai ba ka da kunya," in ji Glenys, ta make shi da tsumman kwano.

Renae ta buɗe baki, mahaifinta ya riga ta. "Ba gaggawa."

Kawu Nev ya dube shi, ya dubi Renae, sai ya sunkuya kan farantinsa. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, bai ƙara cewa uffan ba har aka kawo kek.

Shirun nan ne ya tabbatar mata da abin da ta daɗe tana gani tana kau da kai. Duk mai kiwo a yankin ya sani, in ba a haɗa raguna da tumaki a watan nan ba, babu haihuwa da sanyi. Kuma ba wanda yake bari shekara ta wuce shi haka sai in mayanka garken zai nufa. Sau nawa ta ce su kora ragunan cikin matan, sai mahaifinta ya tsiro da wani aikin: yau famfo, gobe injin girbi. Makon jiya ma ta hango farar motar kamfanin a kan tudu, wasu mutane suna kafa turaku masu jan ƙyalle, irin waɗanda aka kafa a fadama kafin a kewaye ta. Da ya dawo gida ta zuba masa shayi, ta yi masa hirar kare.

Washegari da safe ta tarar da shi a garken raguna yana gyaran kwamin ruwa. Ragunan sun taru a bakin ƙyaure, suna tunkurin ƙarfe, suna shaƙar iskar da ke busowa daga wajen matan. Ta ɗora hannu a kan sakata.

"Bar su," ya ce, bai ɗago ba.

Ba ta cire hannun ba. Ta ga yadda ƙeyarsa ta ƙone da rana, ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushin tausayin. Muryarta da ta fito ƙarama ce, kamar ba tata ba.

"Baba, da kake ba su gonar nan, akwai inda ka rage mini?"