Hannun Renata

Tun da aka buɗe taron hannun Renata yake sama. Ita da take tseren dogon zango ba ta ji a jikinta ba, yau ga kafaɗa tana yi mata tsami a zaune.

Ita ce wakiliyar ɗalibai 'yan wasa a kwamitin wasannin jami'arsu. An ba ta kujera da kofi, har da ɗan allo mai sunanta. Ƙuri'a ce kawai ba ta da ita, wai tata muryar ta shawara ce. Abin da ke gaban manyan ranar shi ne rushe ƙungiyar kokawa don a ƙara wa 'yan ƙwallo wurin atisaye. Yayanta Dustin kuwa da kokawar nan yake karatu kyauta. In ta rushe, sai ya koma garejin babansu. Kwana ta yi tana shirya abin da za ta faɗa.

"Mista Hargrove, ina da magana."

"Za mu zo kanki, 'yata," in ji shugaban, da murmushin nan nasa da ba ya ƙarewa. "To, masu goyon baya su ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi. Nata yana nan inda yake, yana jiran izini. Mai hoton jami'a ya danna kyamara.

Da aka zo kanta, rabin mutanen sun riga sun saka kwat ɗinsu.

* * *

Ranar Lahadi ta je gida cin abinci, ta tarar da hotonta a ƙofar firij. Mamarsu ce ta yanko hoton daga jaridar jami'a ta manna, tsabar alfahari, ko rubutun ƙasan ba ta karanta ba: "Da yawun 'yan wasa aka yanke hukunci."

Dustin ya shigo sanye da tsofaffin tufafin aikin babansu, baƙin mai har gwiwar hannu.

"A'a, ranki ya daɗe, wakiliya. Yau da talakawa za a ci?"

"Yaya, na rantse maka, izinin magana nake nema. Ni ko ƙuri'a ba ni da ita, ka sani."

"Ni na sani." Ya buɗe famfo yana cuɗa hannu. "Je ki gaya wa sauran 'yan kokawar. Tun Juma'a suke turo min hoton."

Renata ta sake duban firij ɗin. Da a ce kujerar babu kowa, da manyan ba su sami hoton nan ba.

Dustin ya zo ɗaukar madara, ya tsaya yana kallon hoton. Kunnuwansa da tabarmar kokawa ta murɗe tun yana firamare sun yi ja.

"Amma fa kin iya ɗaga hannu," ya ce a hankali. "Naki ya fi na kowa tsawo."

Daga falo mamarsu ta ce a yi hankali da firij ɗin, kada hoton yarinyarta ya faɗo.