Mahadi Mai Sanda Biyu

Mahadi mai faci irin mutanen nan ne da in ka nuna musu hanya sai su tambaye ka wa ya ce ita kaɗai ce. A tashar Bungudu yake facinsa, amma abin da aka san shi da shi gudun dogon zango ne. Tun yana saurayi yake bin kwaltar Gusau bayan sallar asuba, direbobi na masa oda, shi ko a jikinsa. Yanzu ya haura talatin, kuma bana ce ta rage masa. Malam Tukur, mai horar da 'yan tsere a Gusau, zai zaɓi mutum uku ya kai su babbar gasa a kudu, kuma ya riga ya faɗa cewa daga baɗi yara zai riƙa ɗauka.

Sai gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Da shigowar sanyi ta kumbura, likita ya ce ya rage bin kwalta in yana son ƙafarsa. Mahadi ya ji kamar ya yi kuka, don ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zauna wata biyu, numfashinsa ma zama yake yi.

Haliru ne ya kawo dabara. Tsohon abokin tserensa ne da karatu ya kai wata ƙasa mai tsananin sanyi. Ya turo masa bidiyo a waya: ga shi nan cikin dusar ƙanƙara, ƙafafunsa kan wasu dogayen katakai, sanda biyu a hannu, yana zamewa yana turawa. Ya ce haka 'yan gudun can suke yi in sanyi ya rufe hanya, gwiwa ta huta, ƙirji da hannuwa su sha aiki.

Mahadi ba shi da ƙanƙara sai ta cikin firij ɗin mai lemo, amma yana da gulbi, wanda ruwansa ya janye ya bar rairayi mai laushi iya ganinka. Ya samo gora biyu, ya yanko tsohon tib ya yi musu maɗaurin hannu. Katakan ma ya gwada su, suka nutse, ya kifa da baki cikin yashi, ya jefa su murhu. Sandunan kuwa suka karɓe shi. Ya tsara makonsa: ranar Asabar kaɗai yake taɓa kwalta, ita ma a hankali, Juma'a hutu, sauran ranakun yana gulbi, yana jan ƙafa yana turawa da gora har sai rigarsa ta jiƙe duk da sanyin.

Kuskurensa ɗaya, tun daga ƙofar gida yake fara wannan tafiya ta jan ƙafa. A Bungudu kuwa sanda ɗaya ta tsoho ce ko makiyayi. Sanda biyu ba ta da fassara sai ɗaya, balle ga mutumin da kowa ya ji gwiwarsa ta kumbura.

Kafin mako ya zagayo, 'yan dubiya sun cika gidan. Mata da kwanon kunu, maza da ledar lemo. Direbobin da suka saba yi masa oda suka koma rage gudu suna leƙo kai.

"Sannu Mahadi. Allah shi ba ka lahiya."

"Lahiyata lau," in ji shi. "Horo nike."

Sai su girgiza kai su ce Allah sarki, ji ƙarfin hali.

Mahaifiyarsa, Inna Delu, ita ce ta fi kowa tayar da hankali. Wata safiya ya dawo daga gulbi ya tarar da maɗori zaune a zaure, ga kara da tsumma an tanada, ga zakaran gidan ɗaure, wanda za a karya wa ƙafa a ɗora su tare, kamar yadda aka saba.

"Inna, mi zakaran ga ya yi muku?"

"Kai dai zamna a duba ka. Ɓoyon ciwo ba jarumta ba na. Ɗan da na haihwa da ƙahwa biyu shina yawo da huɗu, ka ce in yi shiru?"

Mahadi ya kwance zakaran, ya ba maɗori haƙuri, ya yi tsalle uku a tsakar gida don Inna ta gani. Ta gani, amma cewa ta yi zafin ciwo ne ya sa shi. Daga ranar ya daina yi wa kowa bayani. Haushi ya ishe shi, ya ƙara tsawon zangonsa a gulbi, kuma da gangan ya riƙa bi ta tsakiyar tasha da gorarsa, yana amsa sannu da "yauwa".

Zancen da ya shiga bakin direbobi kuwa ba ya kwana a gari ɗaya. Ana saura 'yan kwanaki gwajin zaɓen mutum ukun, Malam Tukur ya iso kan babur, da ledar ayaba a rataye. Ya zauna kan tsohuwar taya, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya kawo zancen ƙaddara da haƙuri. Idonsa na kan gorar nan biyu da ke jingine.

"Mahadi, na cire sunanka. Ba ni son in ɗora maka nauyi. Na ba wani yaro na Tsafe gurbinka."

"Malam, wa yac ce maka ba ni iyawa?"

"Kowa. Ga kuma shaida nan jingine."

"Ka zo gulbi gobe ka gani."

Malam Tukur ya yi murmushin da ake yi wa mara lafiya, ya ce Allah ya sa kaffara ne, ya tayar da babur. Wannan ya fi komai yi wa Mahadi ciwo. Mutumin da ya shekara goma yana kallon gudunsa ya yarda da bakin tasha, bai ko ce ya miƙe ya taka a gabansa ba. Ya zauna ya cinye ayabar tas, don ba ita ta yi masa laifi ba.

Ranar gwaji aka taru a bakin garin Gusau. Za a miƙe hanyar Tsafe, a juyo, a ƙare inda aka fara. Mahadi ya sauko daga mota da gorarsa biyu, mutane suka dare suna ba shi hanya. Har wani ya jawo masa benci. Ya wuce kai tsaye wurin Malam Tukur.

"Ba ka da lamba, Mahadi."

"Na sani. Kwaltar ma taka ta, Malam?"

"A'a."

"To riƙe mini waɗanga."

Ya danƙa masa sandunan, ya tuɓe riga, ya tsaya a bayan yaran. Aka busa usur.

Da farko sun bar shi, kuma bai bi su ba. Ƙafar da ta saba nutsewa cikin yashi ta ji ƙasa mai tauri, sai take ɗagowa da kanta. Gwiwar ta ɗan yi magana wajen juyowa, amma ta lafa. A hanyar dawowa, inda rana ta fara zafi yara suka fara buɗe baki, shi ƙirjinsa ko gezau. Ya riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Yaron Tsafe kam ya gagare shi. Yaron ya iya gudu, gaskiya ce. Mahadi ya shigo na biyu.

Ya tsaya dafe da ƙugu yana haki, yana neman Malam Tukur. Can ya hango shi. Tsayuwa ta yi tsawo, ga rana, ga ƙiba, Malam ya zura hannuwa cikin maɗaurin tib ya dogara da gorar nan biyu, bakinsa a sake. Daidai lokacin wani dattijo mai tura baro ya tsaya a gabansa.

"Ayya, Malam Tukur. Yaushe abin ga yas same ka? Allah shi ba ka lahiya."

"Ni? Lahiyata lau. Riƙo aka ba ni."

Dattijon ya girgiza kai. "Allah sarki. Ji ƙarhin hali."

Ya tura baronsa ya nufi tasha, da saurin wanda ya samu labari.

Malam Tukur ya bi shi da kallo, sannan ya dubi Mahadi, kunya ta rufe shi. Ya zare hannuwansa, ya laluba jakarsa ya fito da rigar ƙungiya.

"Ba ka da lamba, amma na gani da idona. Gurbinka na nan."

Mahadi ya karɓi rigar ya rataya a kafaɗa. Daɗi ya cika shi, amma bai bari ya fito fuska ba. Ya miƙa hannu.

"Sandunana, Malam. Gobe ina gulbi. Kai kuma ka tanadi tabarma, 'yan dubiya na nan tahe."