Kyanwar Inna da Hannun Mahauci

Ranar da ɓera ya ciji 'yata Husna a ɗan yatsan ƙafa, da rana tsaka ne, tana barci a kan tabarma ni kuma ina wanki a bakin ƙofa. Ɗakinmu a Talata Mafara bango ɗaya ya raba shi da shagon da surukina ke ajiye fatu, kuma ɓerayen gidan nan sun ƙoshi har ba sa gudu idan an taka ƙafa. Da muka dawo daga asibiti, mazan gidan suka taru kowa da shawararsa. Wani ya ce a sa guba, a ɗakin da yarinya ke rarrafe tana kai komai baki. Wani ya ce tarko. Na dube su, manyan mutane da gemu, na goya 'yata na ce wa babanta za ni Birnin Tudu in ɗauko kyanwar Inna.

Kyanwar baƙa ce, ni na raine ta kafin a yi mini aure, kuma ba ta taɓa shiga mota ba. Na san idan aka cusa ta a buhu, ranar da aka kwance bakinsa ranar za ta haura katanga. Don haka na tafi da kwandon roba mai murfi, wanda na je haihuwa da shi. Na ajiye shi a buɗe a gindin rumbu inda take kwanciya, na shimfiɗa tsohon zanen Inna a ciki, na daina ba ta abinci ko'ina sai a nan. Da fari wuya kawai take miƙawa ta fizgi busasshen kifi ta koma gefe. Daga baya ta fara ci a ciki. Da ta soma barci a ciki, sai na riƙa rufe murfin in zaga tsakar gida da ita, in dawo in buɗe. Inna tana tankaɗe tana kallona.

"Wagga mussa ko amarya ba a yi ma wanga lallashi," in ji ta.

Ranar komawa, Baban Husna ya aiko ƙaninsa Sadi da mashin. Sadi mahauci ne, irin wanda ke ganin duk abin da ke da ƙafa huɗu shi ya fi kowa saninsa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi gida da gona da ruwa da jikin tsufa, sannan ya miƙe ya juyo gare ni yana wasa da igiyar da ke rataye a wuyansa.

"Matata, ina dabbar? Kawo ta in ɗaure mu kama hanya."

"Ka ɗaure wa? Ga ta nan cikin kwando, lafiya lau. Kai dai naka tuƙi."

"Kwando! Ni da ka aza bunsuru biyu da tunkiya bisa mashin ɗin nan tun daga Maradun?"

"Su yanka kaka kai su. Wagga aiki za ta."

Ya yi dariya. Na shiga ɗaki in ɗauko mayafi da zanen goyo, na bar kwandon a inuwa, kyanwar ta naɗe a ciki idonta a lumshe. Laifin da ba a raba mahauci da shi ke nan: hannunsa ba ya iya wuce dabba bai latsa ƙugunta ya ji kitse ba. Ina ɗaura goyo na ji ƙarar murfi. Kafin in fito ya zura hannu ya damƙo ta ta baya, ya ɗaga ta sama yana jinjinawa kamar wanda zai yi ciniki.

"Kai, babu ko tsoka! Wagga ita za ta kashe..."

Bai ƙarasa ba. Ta murɗe jikinta ta kafa masa haƙori a gindin babban yatsa, ta bi damtsensa da farce, ta taka kafaɗarsa ta dire, sai ga ta a kan rumbu bayanta a gantsare. Sadi ya riƙe hannu yana salati yana tsalle da ƙafa ɗaya, ko da yake ba a ƙafa aka cije shi ba.

"Sannu, sarkin fawa," na ce. "Nawa ka saye?"

"Ke, wagga ba mussa ba ce, aljana ce! Inna, a ba ni buhu."

Inna ta kawo ruwa da sabulu ta wanke masa, tana faɗa masa ya biya asibiti, shi kuma yana ta neman buhu da sanda. Har ya ɗauko goran da ake kakkaɓo mangwaro da shi. Na tsaya tsakaninsa da rumbun, Husna a bayana.

"Aje shi."

"Yaya ya ce in maido ku yau."

"To ka koma ka ce mai ka ɓata aikin da ka iske an gama. Ɗiyata ba ta sake kwana wancan ɗaki sai da mussa, kuma mussar da ta shiga kwando da ƙafarta."

"Kan dabba za ki ƙi ɗakinki?"

Na kwance goyon, na ciro ƙafar Husna na nuna masa tabon. Ya kalla, ya kau da kai, ya yi ta gunaguni a kan mata da rigimarsu har ya tayar da mashin ya tafi shi kaɗai, igiyarsa na lilo.

Kyanwar ba ta sauko ba sai bayan la'asar, kuma da ta sauko ta shinshina murfin sau ɗaya ta zagaye shi. Ƙarnin hannunsa ya kama robar. Na wanke kwandon da toka, na shanya, na canza zanen, na koma farko: kifi a bakin kwando, kifi a tsakiya, kifi a can ƙurya. Wannan karon ta fi daɗewa kafin ta yarda. Baban Husna ya kira a waya yana cewa mutane sun fara tambaya ko yaji na yi. Na ce ya gaya musu gaskiya, su tambayi yatsan ƙaninsa.

Ran kasuwa muka shiga mota. Na lulluɓe kwandon da mayafi na ɗora a cinya, yatsana ɗaya a cikin hujin robar, kyanwar tana goga kanta a jiki. Ta yi kuka da aka tayar da injin, ta sake yi a wani rami, daga nan ta yi shiru.

A gida na wuce mazan da ke zaure ban tsaya nuna wa kowa ba. Na rufe ƙofar ɗaki, na ajiye kwandon, na buɗe murfin, na zauna ina ba Husna nono. Kyanwar ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta fito da ƙafa ɗaya, ta bi gindin bango tana shinshinawa, har ta kai ramin ɓerayen da ke bayan randa. Nan ta zauna, ta naɗe jela.