Yabon da Tela Ya Kai Asibiti

Tela ya daɗe yana goge takalminsa a ƙofar ofishin shugabar ma'aikatan jinya kafin ya yi sallama. 'Yarsa, wadda yake kira Auta, ba ta san ya zo ba.

Hanya biyu ce a gaban Auta. Ko asibiti ya sake ta ta tafi jami'a ta yi digirin jinya, daga nan ta wuce digiri na biyu da ta ƙwallafa rai a kai, ko ta zauna a ɗakin jarirai tana kwas ɗin ƙarshen mako, wanda ba ya kai mutum ko'ina. Mutum ɗaya ake saki, shugaba ce kuma mai zaɓa. Abin da ya hana Tela barci ke nan.

Ya zauna a gefen kujera, ya shiga yabon 'yarsa kamar yana tallar yadi. Ya ce ba ta taɓa fashi ba, ko da zazzaɓi. Ya ce jaririn da jijiyarsa ta gagari kowa, ita ake kira. Ya ce ranar da abokiyar aikinta ta tafi biki, ita kaɗai ta riƙe ɗakin.

Shugaba ta ajiye biro, ta yi murmushi.

"Baba, ka taimake ni. Da ma ita na yi niyyar saki. Amma mai hannu irin wannan, wa zai bar ta ta tafi? Waccan mai zuwa bikin ita za ta je jami'a, ba wanda zai ji rashinta."

Ya buɗe baki, ta riga ta ɗauki waya. Ya ji kansa yana godiya.

Da yamma Auta ta shigo shago, idonta ja wur. Ta ce masinja ya gaya mata wani dattijo ya je ya yi ta yabon ta a gaban shugaba. Tela ya sunkuyar da kai kan keken ɗinki, yana neman zaren da ke hannunsa.

Ta ciro farar rigar aikinta daga jaka, ta shimfiɗa masa a kan keken.

"Baba, a ninka ɗinkin aljihun nan. Za ta daɗe a jikina."