Gargaɗi na Goma Sha Bakwai

Ashiru na gyara zaman hularsa a bakin zauren da zai kare kundin digirinsa na uku, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya so ya kashe, amma ya ga sunan Phoebe, mai ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Tirwun. A kan manhajar asibitinsu ya gwada bincikensa.

"Malam Ashiru, ko in fara cewa Dakta tun yanzu?"

"Sista, bari dai a fito tukuna. Lafiya?"

"To, da sauƙi. Kwamfutarmu ta so ta ja mini masifa da safen nan. Yarinya 'yar wata goma sha takwas, zawo ya ramar da ita, kilo tara kacal. Na shigar da bayananta, kwamfutar ta ba ni awon magani ninki biyu. Har uwar ta miƙo hannu, sai raina bai kwanta ba, na ɗauki biro na lissafa da kaina."

"Ba ta sha ba dai?"

"Ba ta sha ba, mun gode Allah. Amma ba kai ka ce abin naka ya duba manhajar nan tsaf ba? Ko shi ma barci yake a bakin aiki irin maigadinmu?"

Ta yi dariya. Shi kam ya kasa.

Shekara huɗu ya yi yana gina abin nan, wani tsarin kwamfuta mai gano kurakuran manhaja. Aikinsa shi ne ya karanta rubutun manhaja tun ba a kunna ta ba, ya ba kowace lamba jinsinta: wannan nauyi ce, wannan watanni ne, wannan yawan magani. In wata ta shiga gurbin wata, sai ya yi gargaɗi. Da ya yi wa Inna bayani a gida a Ƙofar Wambai, cewa ta yi, "Wato dai kada a auna manja da mudun gero." Ya ce haka ne, Inna.

Matsalar ita ce abin ya cika ƙorafi. A manhajar asibitin gargaɗi hamsin da biyu ya fitar. Malaminsa, Farfesa Zakka, ya ce masa, "Ba wanda zai yi aiki da abin da ke ihu a kan komai. Ka tantance na ƙarya." Ashiru ya bi goma na farko, duk ba su da tushe. Lokacin miƙa kundi ya matso, ga gajiya. Sai ya rubuta ƙa'ida ɗaya da ta toshe bakin duk masu kama da su, guda arba'in da uku har da goman nan. Saura tara, tsaf-tsaf, gwanin kyau a jadawali. A cikin kundin kuwa ya rubuta cewa ya bi arba'in da ukun nan ɗaya bayan ɗaya.

Ya tsuguna a barandar, ya buɗe kwamfutarsa a kan gwiwa, ya nemo tsohon jerin. Bai daɗe yana nema ba. Na goma sha bakwai: watanni sun shiga gurbin kilo. Tun bara yake nan a rubuce. A jarirai masu ƙoshi lambobin biyu kan zo kusa da juna, shi ya sa ba wanda ya lura. Can gida tun jiya Inna ta jiƙa shinkafar masar walima, ta aika wa maƙwabta.

Aka kira sunansa.

Ya yi bayaninsa minti ashirin, muryarsa ba ta ko rawa, abin da ya ƙara ba shi kunya ke nan. Farfesa Zakka na gyaɗa kai. Mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, wata dattijuwa mai tabarau, ta buɗe shafin da ta naɗe.

"Wannan wurin ya burge ni. Yaran yanzu ba su da wannan haƙurin. Arba'in da uku, ɗaya bayan ɗaya! Kwana nawa ya ɗauke ka?"

Yabo take yi. Da ya ce sati biyu, da ta juya shafi.

Ashiru ya sunkuyar da kai.

"Goma na duba, Farfesa."

"Na'am?"

"Goma kawai. Sauran na rufe su ne ban karanta ba. Ɗaya daga ciki gaskiya ne. An gano shi yau da safe, saura kaɗan wata yarinya ta sha maganin da ya fi ƙarfinta."

Dattijuwar ta cire tabarau ta ajiye a kan kundin. Farfesa Zakka ya daina duban inda yake.

"Ka san abin da ka faɗa ke nufi ga digirin nan?" in ji ta, a hankali.

"Na sani. Amma kafin ku yanke, ina roƙon minti biyu in kira asibitin. Akwai talatin da biyu da ban san me ke cikinsu ba, kuma har yanzu da manhajar suke auna magani."

Can sai Farfesa Zakka, idonsa na kan tebur, ya ce, "Je ka, Ashiru. Ka bar ƙofar a buɗe."