Sunan da Ke Ƙasan Zanen

"Fusae, taimaka mini mu juya shi, bayansa duk ya yi gyambo," in ji ƙanwar Malam Kurahashi, tana tsaye a ƙofata.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa ni da mutumin nan, alhali bango ɗaya ya raba mu a unguwarmu ta masu zane a Tokyo. Shi ya kai ƙarar mijina Shozo wurin 'yan sanda lokacin yaƙi, wai zanen da ba soja ba tuta, sai layuka da launi, cin amanar ƙasa ne. Suka kwashe zanukan, suka tafi da Shozo. Tokar gawarsa aka dawo mini da ita. Yaƙi na ƙarewa Kurahashi ya daina zana sojoji, jaridu suka shiga kiransa uban sabon zane.

Na bi ta don kawai in ga yadda ya koma.

Yana kwance, fata da ƙashi, ɗakin sai warin fenti da fitsari. Na kama kafaɗarsa, na ɗaga kai, sai ga wani zane da na sani a bango: shuɗi mai tsagin ja. A kan labulen ɗakinmu Shozo ya zana shi, ga ɗinkina ma a gefe. A ƙasa an rubuta Kurahashi.

"Ɓarawo!"

Ya buɗe ido ɗaya. "Da ban karɓo shi ba, da tuni sun ƙona shi."

"Sunan naka ma daga wutar ka tsamo?"

"Wa ya san Shozo? Sunana ne ya kai shi baje koli har birnin Faris."

"Yaya, don Allah ka yi shiru," in ji ƙanwar.

"Sauran zanukan fa?" na tambaya.

"Suna gidajen manya. Je ki ƙwanƙwasa, ki ce mai wankin unguwa ce ta zo." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na saki kafaɗar, ya faɗi a kan gyambon.

Kwana uku bayan nan ya cika da hantsi. Aka kira maƙwabta su jiƙa masa leɓe da ruwan ban kwana kamar yadda al'adarmu take, na ce hannuna da sabulu.

Mutanen gidan tarihi suka zo da farar safar hannu. Na tare su, na gaya musu komai. Babbansu ya rusuna, ya ce ko ina da takardar shaida. Suka naɗe zanen a takarda, suka fito da shi su biyu a hankali, suka sunkuya ta ƙarƙashin igiyar shanyata, ruwan rigunan yana ɗiga a kai.