Famfo Marar Ruwa

Mai gyaran famfo mutum ne da ba ya iya ganin abu a bushe ya wuce. Shekara ashirin da biyu yana kai ruwa inda babu. Ga shi da fargaba. Da 'yarsa ta fari ta samu gurbin karatu a wani gari mai nisa, tun ba ta tafi ba ya fara kiranta a waya sau tara a rana, tana ɗaki yana tsakar gida.

Ana gobe za ta tafi, ta ja shi wurin mai sayar da furanni a bakin titi. Ta zaɓi wata 'yar shuka mai kaurin ganye kamar yatsun jariri, cikin kaskon da bai fi kofin shayi ba.

"Me take ci?" ya tambaya.

"Ba komai, maigida," in ji mai furanni. "Hasken rana kawai. Ruwa cokali uku duk bayan sati biyu. Kulawarta ita ce ka manta da ita."

"A manta da abu mai rai?"

"Baba, ga sharaɗi," 'yar ta ce. "In na dawo hutu na same ta da rai, kullum zan ɗaga wayarka. In ka kashe ta da kulawa, sau ɗaya a sati za ka ji muryata."

Kwana huɗu ya daure. A na biyar ya taɓa ƙasar kaskon ya ji ta ƙayau. Ya ba ta cokali ɗaya. Da rana ya ga cokali ɗaya ai rowa ce, ya ƙara. Kafin kwana goma ganyen ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa, ɗaya ya faɗo a tafin hannunsa.

Ya naɗe kaskon da tawul ya hau babur. Mai furanni ya shinshina ƙasar ya girgiza kai.

"Ka nutsar da ita."

Mai furanni ya zare ta daga kaskon, ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyi, ya kwantar da ita a kan tsohuwar jarida. "Kwana uku za ta yi a nan ta sha iska. Ba a zuwa dubiya."

Washegari mai gyaran famfo ya zo dubiya. Mai furanni ya tare shi a ƙofa ya laluba aljihunsa, ya fito da sirinji cike da ruwa.

"Na aiki ne," in ji mai gyaran famfo.

"Sai matarka ta zo zan sallame ta."

Matar ta zo ta karɓi shukar cikin sabuwar ƙasa mai yashi, ta ajiye ta a taga. Ta kwashe cokula da kofuna ta kulle a kabad.

"Malam, in ƙishi ya kama ka, ka yi magana in ba ka a baki."

Mutumin ya rame. Da safe sai ya tsaya gaban taga yana murza iska kamar mai buɗe famfo. Rana ta uku ya ɗauko kayan aikinsa ya huda bango daidai saman kaskon, ya ɗaura kan famfo sabo fil. Bai haɗa shi da kowane bututu ba. Ya buɗe, ya ƙirga talatin, ya rufe, ya sauke ajiyar zuciya.

"Me ya fito?" matar ta tambaya.

"Ba komai. Amma ta sha."

Haka ya riƙa yi safe da yamma. Ya canza wa famfon roba sau biyu, wai yana zargin yoyo. Shukar ta miƙe, har ta fid da wani ɗan toho a gefe. Ya auna shi da tef ɗin aiki, ya koma duba famfo.

Wata safiya ya buɗe famfon ke nan sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yar ce.

"Baba! Kwana uku ba ka kira ni ba. Lafiya? Ka ci abinci? Me ya samu muryarka?"

"Ban ma yi magana ba, Uwata. Dakata kaɗan, famfo a buɗe yake."

Ya ajiye wayar ya ci gaba da ƙirga. Kafin ya kai talatin ta katse ta sake kira sau biyu.